Malam, ana saka waƙafi kafin "and" ko ba a sakawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, don Allah ina da tambaya akan rubutun Turanci. Mu dai tun muna yara aka koya mana cewa duk inda ka ja numfashi nan ake saka waƙafi, to yanzu na yi wani rubutu malaminmu ya dawo min da shi duk jan biro, wani waje ya soke waƙafin da na saka kafin "and", wani wajen kuma shi da kansa ya ƙara shi kafin "and" ɗin dai. Sannan ya zagaye min wannan jimlar: "I studied all night, I failed the test." Wallahi na rasa gane kan abin, wanne ne daidai? Allah ya ƙara basira.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin tare da kai. Malaminka bai yi maka rashin adalci ba, duka biyun da ya yi daidai ne, kuma in ka bi ni a hankali zaka ga abu ɗaya yake dubawa a duk wuraren.

Da farko dai ka ajiye maganar numfashin nan gefe. Ba wai ƙarya ce gaba ɗaya ba, a da can alamomin rubutu suna taimaka wa mai karatu a bayyane ne ya san inda zai ɗan tsaya, to amma numfashinka daban nawa daban, wani zai karanta layi uku bai tsaya ba wani kuma kalma biyar ya gaji, ka ga kenan ba za a gina ƙa'ida a kan huhun mutum ba. Ita kanta kalmar da Turawa ke kiran waƙafi da ita daga Girkanci ta fito, ma'anarta abin da aka yanko, wato guntun zance. Aikin waƙafi kenan a Turancin yau, nuna inda wani yanki na jimla ya ƙare wani ya fara.

Abin da zaka riƙa dubawa shi ne ganga, wato yankin jimla mai ɗauke da aikatau. Ganga tsayayya ita ce wadda take da mai aikin da kuma aikatau, kuma in ka cire ta ka ajiye ita kaɗai maganar ta cika, kamar "I studied all night." Babu wanda zai ce maka "sai kuma me?" Haka "I failed the test" ita ma tsaye take da ƙafarta. To a nan matsalar jimlarka take, ka ɗauko ganguna biyu tsayayyu ka haɗa su da waƙafi kaɗai, shi kuwa waƙafi ba shi da ƙarfin ɗaukar wannan nauyin, kamar ka ce zaka ɗaure katako biyu da zaren ɗinki ne. Yana buƙatar mahaɗi, wato kalmar haɗa zance irin su "but" da "and", ya kama masa. Da ka rubuta "I studied all night, but I failed the test" da jan biron bai taɓa wurin ba. Ko ka saka aya ka raba su biyu kowa ya kama gabansa, ko ka saka waƙafi mai ruwa, wato ɗigo a sama waƙafi a ƙasa: "I studied all night; I failed the test." Duk sun halatta, amma ni na fi son mai "but" ɗin domin ita ce ta faɗa wa mai karatu alaƙar da ke tsakanin karatun daren da faɗuwar, sauran biyun sun bar shi ya yi hasashe da kansa.

Mahaɗan da ke haɗa abu biyu masu matsayi ɗaya guda bakwai ne a Turanci: for, and, nor, but, or, yet, so. Malamai sun haɗa harufan farkonsu suka ba da FANBOYS don sauƙin haddacewa. In ɗayansu ya zo tsakanin ganguna biyu tsayayyu, waƙafi yana zuwa kafinsa, ba bayansa ba. Wannan na "ba bayansa ba" ina ganinsa kullum a rubutun mutane, sai ka ga an rubuta "but, I failed" saboda a baki mutum yakan ja "amma" ɗin ya ɗan dakata. A rubuce ba haka bane.

Yanzu ga inda malaminka ya soke maka. Ka rufe "and" ɗin da yatsa ka karanta abin da ke bayansa shi kaɗai. "She opened the door and walked out." Me ya rage? "Walked out." Waye ya fita? Babu, mai aikin yana can farko, mutum ɗaya ce ta yi aiki biyu, saboda haka babu waƙafi. Amma "She opened the door, and the children ran out", in ka rufe "and" zaka samu "the children ran out", cikakkiyar magana da nata masu aikin, to nan waƙafi ya samu wurin zama. Shikenan sirrin, gwajin yatsa.

Kuma na san dalilin da yasa wannan ke rikita mu musamman. A Hausa sai mu ce "ta buɗe ƙofa ta fita", ka ga "ta" ta dawo sau biyu, kowane aikatau yana tafe da wakilin sunansa, shi yasa kunnenmu ke jin kamar kowane ɓangare cikakke ne, sai hannu ya kai ga waƙafi. Sannan mu muna da "da" don haɗa sunaye, muna da "kuma" don haɗa zance, su kuwa "and" ɗaya ce ke yin duka aikin biyu. Duk inda "and" take a matsayin "da" tsakanin sunaye biyu kacal, kamar "the teacher and the student", kar ka kuskura ka raba su da waƙafi.

In gangunan gajeru ne sosai an yarda ka bar waƙafin, "He sang and she danced" ba wanda zai kama ka. "Nor" kuma tana da ɗan halinta, tana juya tsarin abin da ke binta kamar tambaya: "He did not call, nor did he write." Ita kuwa "for" mai ma'anar "domin" ta tsufa, sai a tsofaffin littattafai da rubutun ƙawa, ba sai ka wahalar da kanka da ita ba.

Akwai kuma wasu mahaɗan daban, irin su because, although, when, if, unless, while, after. Waɗannan in suka hau kan ganga sai su karya mata ƙafa ta koma dogarau. "I was tired" cikakkiya ce, amma ka ce "Because I was tired" ka yi shiru, dole wanda ke saurarenka ya tsaya yana jiran sauran. Ƙa'idarsu ta danganta da wurin zama ne. In dogarau ta zo gaba, waƙafi na binta: "Because I was tired, I went home." In ta zo baya, yawanci babu: "I went home because I was tired." Dalilin kuwa a fili yake, a ta biyun "because" da kanta ta nuna maka iyaka, a ta farkon kuwa babu abin da ke tsakanin "tired" da "I", waƙafin ne ke tsaron iyakar. Gwada karanta "When we finished eating the dog started barking" ba waƙafi ka ji, kafin ka ankara ka cinye karen.

Na ce "yawanci" ne da gangan, saboda akwai wurin da waƙafi kafin "because" ke canza ma'ana ɗungurungum, wato bayan korewa, irin ta "not". "He didn't resign because he was angry." Wannan tana iya nufin ya ajiye aikin amma ba fushi ne dalili ba, wani abu ne daban. In ka saka waƙafi, "He didn't resign, because he was angry", to bai ajiye ba sam, kuma fushin ne ya hana shi. Mutum ɗaya, a jimla ɗaya ya bar aiki a ɗayar yana nan daram.

Wani kuskuren da harshenmu ke jawo mana shi ne haɗa "although" da "but" a jimla guda. Mu a wurinmu "duk da cewa ya gaji amma ya zo" lafiya lau take, babu mai ɗaga gira. A Turanci kuwa "Although he was tired, but he came" kuskure ne, ɗaya zaka zaɓa, ko "Although he was tired, he came" ko "He was tired, but he came." Haka "because" da "so", ba sa zama inuwa ɗaya.

Sai kuma mayaudaran, however, therefore, moreover, nevertheless da 'yan uwansu. Ma'anarsu ta yi kama da ta mahaɗi shi yasa mutane ke ba su aikin mahaɗi, amma ba su bane. In kana son ganewa ka gwada matsar da su. Zaka iya cewa "The plan, however, failed" ko "The plan failed, however", tana yawo yadda take so, amma gwada yi wa "but" haka ka gani, "The plan, but, failed" ba magana bace. Tunda ba mahaɗai bane, ba za su iya taimakon waƙafi wajen riƙe ganguna biyu ba, don haka "We worked hard, however the plan failed" kuskure ɗaya ne da naka na farko, sai dai ya sa babbar riga. Daidai shi ne waƙafi mai ruwa ko aya kafin kalmar, waƙafi kuma bayanta: "We worked hard; however, the plan failed." Wannan har manyan ma'aikata masu digiri biyu suna faɗawa ciki a wasiƙun ofis, kar ka ji kunya.

Saura guda ɗaya, wanda shi Turawan ma kansu basu daidaita a kai ba, wato waƙafin ƙarshe a jerin abubuwa uku ko fiye: "books, pens, and paper" ko "books, pens and paper". Ana ce masa waƙafin Oxford saboda maɗaba'ar jami'ar Oxford ta daɗe da riƙe shi a matsayin ƙa'idarta, maɗaba'ar jami'ar Chicago a Amurka ma haka, amma kamfanin dillancin labarai na Associated Press da yawancin jaridun Ingila ba sa saka shi sai in rashinsa zai kawo ruɗani. Duk wanda ka bi baka yi laifi ba in dai baka riƙa sauyawa a cikin rubutu ɗaya ba, kuma in malaminka na da wanda yake so, to bi nasa, shi ke riƙe da biron.

Ni dai ina sakawa, ga kuma abin da ya ƙara min ƙarfi. A jihar Maine ta Amurka direbobin wani kamfanin madara mai suna Oakhurst Dairy sun kai ƙara kan kuɗin aikin ƙarin lokaci. Dokar jihar ta jero ayyukan da ba a biyan wannan kuɗin a kansu, jerin ya ƙare da "packing for shipment or distribution", babu waƙafi kafin "or". Kamfanin ya ce abu biyu ne, ɗaure kaya daban rarrabawa daban, don haka direbobi masu rarrabawa ba su da haƙƙi. Direbobi suka ce a'a abu ɗaya ne, ɗaure kaya don aikawa ko don rarrabawa, su kuma ba sa ɗaure komai, tuƙi kawai suke yi. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce lallai dokar na ɗaukar fassara biyu, ta karkata ga direbobin, a 2018 kuma aka sasanta kamfanin ya amince zai biya dala miliyan 5. Majalisar jihar ta koma ta gyara dokar, ta raba kowane aiki da waƙafi mai ruwa.

Ka ɗauko takardar nan taka ka bi duk inda jan biron ya taɓa, ka ɗora yatsa a kan mahaɗin ka karanta hagu ka karanta dama. In akwai wadda ta ƙi ganuwa bayan haka, turo min ita yadda ka rubuta ta mu duba tare.