Yaya Jirgi Ke Tashi Cikin Hazo?

Tambaya: Ranka ya daɗe Kyaftin, a watan Janairu na hau jirgi a filin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina. Hazo ya yi kauri har ban hango katangar filin ta taga ba. Ta yaya matuƙi ya san bai kauce ba, kuma me ya hana shi cin karo da dogayen ƙarafan sabis? Daga wata malamar makaranta, Daura.

Amsa: Malama, ki kwantar da hankalinki. Da farko hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage kan sanar da matuƙi nisan da ake iya gani. In bai kai ƙa'ida ba, babu tashi.

In ya kai, sai ya daidaita hancin jirgin a kan farin layin tsakiyar titi, ya duba na'urar nuna alƙibla ta yi daidai da lambar titin, wadda ke nuna alƙiblar da titin ya fuskanta. Da ƙafa ake riƙe jirgi a miƙe: akwai mataka biyu da ke juya filafilin jela. Iskar hunturu in ta buso daga gefe sai ta nemi karkato hancin, shi kuma ya taka ya maido.

Wurin da na fi jin tsoro shi ne bayan tayoyi sun bar ƙasa. Ina ɗalibi a kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya, malamina ya sa mini abin da ya tare mini ganin waje. Jirgi na ƙara gudu sai na ji kamar hancinsa ya miƙe sama sosai, hannuna ya fara tura sitiyari gaba don in sauko da hancin. Malamin ya ƙwanƙwasa gilashin na'urar da ke nuna ko hancin jirgi na sama ko ƙasa da yatsa, ya ce, "Nan za ka duba." Ashe daidai muke. Sashen can cikin kunnen mutum ne ke ɗaukar ƙarin gudu a matsayin hawa, kuma wannan ruɗin ya kashe ƙwararru.

Batun ƙarafa kuwa, an riga an auna tsawon abin da ke kan hanyar fita an sa a taswira. Ƙa'idar ita ce jirgi ya riƙa hawa aƙalla ƙafa 200 a kowane mil na ruwa, wato mita 1,852, kuma yawanci ba ya juyawa sai ya kai kamar ƙafa 400 a sama. Inda akwai tsauni, taswirar kan nemi hawan da ya fi haka. Manyan jirage har lissafin mutuwar inji ɗaya ake yi musu tun suna ƙasa, shi ya sa ran da ake tsananin zafi, wanda ke rage wa jirgi ƙarfin hawa, wani lokaci akan rage kaya kafin a rufe ƙofa.