Me ya sa siririyar waya ke zafi, mai kauri kuwa ba ta yi?

Ka tambaya me ya sa wayoyin lantarki biyu masu ɗauke da amfiya 20 (amfiya ita ce ma'aunin yawan lantarkin da ke bin waya) ba sa zafi daidai. Abin dubawa shi ne cunkoson lantarki, wato amfiya nawa ke ratsa kowace murabba'in milimita ta bakin wayar. Raba amfiya da faɗin bakin: a waya mai faɗin baki murabba'in milimita 2.5, amfiya 8 ke bin kowace murabba'in milimita, a mai 1 kuwa duka 20 ɗin ne suka matsu wuri guda.

Wayar jan ƙarfe mai 1 tana da turjiya, wato yadda take tare wa lantarki hanya, kusan om 0.0175 a kowace mita. Ninka amfiya da kanta, sannan da turjiyar, za ka ga wat 7 na zafi ke fita a mita ɗaya, mai 2.5 kuwa wajen wat 2.8. Robar PVC ta yau da kullum da ke lulluɓe waya digiri 70 na ma'aunin Celsius take jurewa; in aka daɗe ana wuce haka sai ta bushe, ta tsattsage.

Ka lura da mahaɗa sosai. In ka yanke wasu silloli wajen fere roba, ko sukurun bai ɗauru ba, hanya ta ƙuntata a nan, kuma nan ne za ka tarar da baƙin ƙuna. Don Allah kada ka sa fis da ya fi ƙarfin wayar.