Amsa: Koya wa yara fitar da ɗan gudu a tashar dole

Malam, ka ce yaranka a besbol (wasan buga ƙwallo da sanda) suna bin ɗan gudu da ƙwallo maimakon su taka tasha, wato wurin da ɗan gudu ke tsayawa. Ba su gane dokar ba ne. Idan mai bugu ya buga ta ƙasa, wanda ke tasha ta ɗaya dole ya tashi zuwa ta biyu, saboda mai bugun na zuwa ta ɗaya, don haka duk wanda ya taka ta biyu da ƙwallo a hannunsa kafin ya iso, ya fitar da shi. Amma in aka fara fitar da mai bugun, dolen ta faɗi, sai an taɓa ɗan gudun da ƙwallon.

A filin firamare, ka cika buhunan taki da yashi rabi, ka ajiye su a matsayin tashoshi, kimanin mita 18 tsakani. Kafin kowace jifa, ka sa kowa ya faɗa da ƙarfi inda zai jefa. Mai karɓa ya dafa gefen buhun da ƙafa, kada ya taka tsakiya, don ɗan gudu zai murƙushe masa idon sawu. Kar ya miƙa jiki sai ya ga inda ƙwallon ta nufa. Yara da yawa nan suke kuskure, ƙwallon ta wuce su. In tazarar mai jifa da mai karɓa ba ta kai taku biyar ba, a cilla ta daga ƙasa a hankali.