Amsa ga mai BMW E36 328i da ke son saka turbo alhali allurar zafi na hawa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ɗan'uwa mai 328i, na karanta tambayarka na so in wuce, zuciyata ta ƙi. Ka ce taka ta 1996 ce, mai giyar hannu, kana gyara ta da kanka a gida, kana son sanin ko ka fara da manifol ɗin shigar iska na injin M50, wanda ya gabaci naka, ko ka daure ka tara kuɗi ka tafi kai tsaye kan turbo. Sai can ƙarshe ka ƙara da cewa allurar zafi takan ɗan wuce tsakiya in ka tsaya a cunkoso, ruwa ma yana ɗan raguwa, amma kana ganin ba wani abu ba ne. Wallahi wannan layin na ƙarshe shi ya sa na zauna rubutun nan, don da haka tawa ta fara, kuma irin taka ce sak.

Don Allah ka ajiye maganar turbo da manifol tukuna. Allurar E36 mai lafiya a tsakiya take zama, ana gudu ko ana tsaye. In ta fara leƙa dama, wani abu ya riga ya gaza. Ruwa kuma ba ya raguwa haka siddan a inda komai a rufe yake: ko yana ɗiga ƙasa, ko injin na shanye shi. Gobe da sassafe, kafin ka tayar da ita, ka matsa babban tiyon lagireto na sama. In ka ji shi da tauri bayan mota ta kwana, iskar silinda ce ke shiga cikin ruwa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka duba ƙarƙashinsa ko akwai kumfa mai ruwan madara. Akwai kuma ɗan gwajin nan na ruwa mai shuɗi da ake ɗorawa a bakin tankin ruwa, in ya koma ruwan ɗorawa to gasket ɗin top, wato kan injin, ya tafi, babu sauran gardama.

Ni lokacin da na gano nawa gasket ɗin ya tafi tun a hannun wanda ya sayar mini, kusan komai na motar da hannuna na yi shi. Birki, bushin, lagireto, wayoyi, duk ni da ɗana muka yi su a ƙarƙashin rumfa. Abin da ba ni da shi a lokacin shi ne ƙarfen da ake kulle kamshaf da shi saboda VANOS, na'urar BMW mai sauya lokacin buɗewar bawul, da sifana mai awo. Sai wani ya haɗa ni da wani bakanike, aka ce duk yankin babu wanda ya kai shi sanin BMW. Na kai masa motar, na kai masa sabon gasket na asali a kwalinsa, na kai masa sababbin kusoshin top guda 14 a ledarsu. Na zaunar da shi na ce masa bulok ɗin nan alminiyom ne, ba ya son ƙarfi, a bi awo. Ya yi murmushi ya ce, Alhaji tun ba ka san mota ba nake kwance irin wannan injin. Na yarda da shi. Da ya gama ya kira ni, na je na tarar injin na kaɗawa lafiya lau, na biya shi har da ƙari, na yi masa addu'a.

Ba a daɗe ba muka kama doguwar hanya da daddare ni da yaron. Shi ne ya fara cewa Baba ina jin wani wari mai zaƙi-zaƙi. Kafin in kai idona kan allura ta riga ta shige ja. Na gangara gefe na kashe, tururi na fita ta ko'ina, ta gefen bonet, ta ƙarƙashin taya. Babu gari kusa, manyan motoci na wucewa suna girgiza mu. Yaron nan ya riƙe mini fitilar waya hannunsa na rawa, ya ce Baba mu ne muka ɓata wani abu? Har yau in na tuna wannan tambayar sai raina ya ɓaci. Yaro ya ba da hutunsa gaba ɗaya yana goge ƙarafa yana miƙo sifana, ga shi tsaye a bakin titi cikin duhu yana zargin kansa da laifin wani ƙato.

Da aka jawo ta gida na sayi kayan aikin na buɗe da kaina. Ɗan'uwa, abin da na gani ba zan manta ba. Na ɗora sifana kan kusa ta tsakiya, ta juya ba tare da na yi wani ƙarfi ba. Na zaro ta, sai ga haƙoran ramin sun nannaɗe a jikinta, siririn alminiyom mai sheƙi, a tsakaninsu kuma busasshen gam mai ruwan toka. Ashe ya ɗaure da ƙarfin tsiya har haƙoran bulok suka tsinke, ya ji sun tsinke, ya cika ramin da gam ya mayar da kusa ya rufe. Ba rami ɗaya ba. Kusoshin ma tsofaffin ne ya wanke ya mayar, sababbin da na ba shi ban san inda suka shiga ba. Na buɗe gidan tamostat, babu tamostat a ciki, ya cire ya yar don kada zafin ya nuna da wuri. Wato ya san abin da ya yi. Da kuskure ne ya kira ni ya ce ga abin da ya faru, wallahi da na yafe, don haƙoran bulok ɗin injin nan namu, M52, da ya taɓa yin zafi sukan saki ko a hannun gwani. Amma ya dube ni ido cikin ido ya karɓi kuɗi, ya bar ni na ɗauki ɗana na hau titi. Da na koma masa da kusar a hannuna na nuna masa gam ɗin, ko kunya babu ya ce ai ni na yi gudu da yawa. Ban ce masa komai ba, na juyo. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba, kuma duk wanda ya tambaye ni a keɓe ina gaya masa ya nisance shi.

To, kai ka fara sanin wane bulok ne a motarka. Ka sami maganaɗisu ka manna a gefen injin. In ya kama, na ƙarfe ne, irin wanda aka kai Amurka, ka yi sa'a ta wannan fuskar. In ya faɗo, alminiyom ne, kuma mai yiwuwa silindojinsa shafin Nikasil ne, wanda man fetur mai yawan salfa ya riƙa cinyewa a wasu ƙasashe har kamfanin ya koma saka hannun riga na ƙarfe a 1998. Saboda haka ka yi gwajin kwamfireshin a duka silinda shida kafin ka kashe ko sisi a kan ƙarin ƙarfi. In har za a ɗaga top, a sa sababbin kusoshi, don irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure su, ba a maimaita su. Ana farawa daga tsakiya a fita waje, a ɗaure da awo, sannan a juya digiri 90, a sake zagayowa a ƙara wani 90. In bulok ɗin alminiyom ne kuma ya taɓa zafi, a sa masa Time-Sert, wato sababbin haƙora na ƙarfe da ake dasawa, a duka ramukan tun kafin su saki, ni haka na ceto nawa. A kai top ɗin a auna ko ya lanƙwashe, a gwada shi ko ya tsage, don dogo ne, zafi ɗaya ya ishe shi. Kuma ka tsaya a wurin. Ko waye zai yi, ka tsaya a kansa da idonka har kusa ta ƙarshe.

In kuma Allah ya sa gasket ɗinka lafiya, ka canza kayan ruwa gaba ɗaya a lokaci guda, kada ka bi su ɗaya-ɗaya. Filastik ne ya yi yawa a wurin, kuma filastik ɗin da ya shekara kusan talatin yana shan zafi ya gama aikinsa. Wuyan lagireto na sama yakan ɓalle ba sallama. Famfon ruwa na asali fukafukansa filastik ne, sukan tsage su tsaya alhali sandar na juyawa, daga waje ba ka ganin komai amma ruwa ba ya zagayawa. Gidan tamostat, tankin ruwa, murfinsa, tiyo, duk ka sabunta. Tunda a cunkoso take yi maka zafi, ni kulocin fanka nake fara zargi, da fankar lantarki ta gaba. Notin fankar nan lamba 32 ne kuma haƙoransa na hagu ne, ta inda ake ɗaure sauran ta nan ake kwance shi, mutane da yawa sun lalata famfo a nan. Ka duba fukafukan fankar ma, in ka ga tsaga ka jefar, don in ɗaya ya ɓalle yakan yanka lagireto har ya lotsa bonet. Wajen zuba ruwa ka ɗaga gaban motar, ka kai hita ƙarshen zafi, ka zuba a hankali har kumfa ta daina fita ta kusar fitar da iska. Ita ma wannan kusar filastik ce, akwai ta tagulla, ka neme ta. Kuma kulan ake zubawa, ba ruwan famfo zalla ba. Kada wani ya ce maka a cire tamostat mota ta huta. Duk wanda ya faɗa maka haka ka ɗauki mukullinka ka tafi.

Game da manifol ɗin da ka tambaya, na saka, ina kuma jin daɗinsa, amma ka san abin da za ka samu. Injin yana da doki 193 daga kamfani. Manifol ɗin M50 hanyoyinsa sun fi faɗi, sai injin ya buɗe a sama, ya ci gaba da ja har kusa da jan layi maimakon ya shaƙe. A ƙasa kuwa za ka ji ta ɗan yi sanyi wajen tashi. Sai ka gyara hanyoyin tiyon iska don ba su dace kai tsaye ba, in iska na shiga ta wani gefe silo ba zai taɓa zama ba, kuma sai an taɓa kwamfutar, Siemens MS41 ce, kafin ka ci moriyarsa sosai. Kafin nan ma ka canza robobin VANOS, tsofaffin sun bushe, ƙarfin da kake nema a ƙasa wani ɓangarensa a nan ya ɓace. Gaskiya abin da ya fi canza mini motar ba a inji yake ba. Difarenshal ɗin 328i mai giyar hannu 2.93 ne, na saka 3.15 na 325i, sai ka ce wata motar aka ba ni. Turbo kuwa, injin da matsinsa ya kai 10.2 ba a ɗora masa iska da ka. Kuloci, nozul, famfon mai, kwamfuta, duk sai sun canza, kuma zafin da zai ƙaru a kan kusoshin nan da na ba ka labari zai sauka. Ban ce kada ka yi ba har abada. Na ce ba a kan injin da ke shan ruwa ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa: ka shiga ƙarƙashin bayan motar. Ka cire kafet ɗin but ka dubi inda shakazoba ke ɗaure, wurin yakan tsage har ya huda. Ka dubi inda firam ɗin baya ke manne da jiki, in akwai tsaga a yi walda a ƙara faranti tun ba ka ƙara ƙarfi ba. Bushin ɗin hannun baya in ya mutu za ka ji gindin motar na lilo in ka taka totur ko ka saki, kuma a guje wannan ba abin wasa ba ne. Wuraren sa jak sukan yi tsatsa daga ciki, fenti na nan lafiya amma ƙarfen ya ruɓe. Don girman Allah kada ka shiga ƙarƙashinta a kan jak kaɗai, ka sa ƙafafun ƙarfe, ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin gefe. Ni ko ɗana ba na barin ya miƙa hannu ciki sai na girgiza motar da ƙarfi na ga ba ta motsa ba. Wayoyin da ke shiga murfin but ma sukan karye a cikin robarsu, in fitilu suka fara yi maka hauka ko fis na ƙonewa ka fara da can.

Ka riƙa ɗaukar hoto kafin ka kwance komai, kusoshi kuma kowane rukuni a ledarsa da rubutu. Duk kayan asali da ka cire ka adana, manifol ɗin ma kada ka sayar. Kuma in za ka ba wani sabon kaya ya saka maka, ka ce ya dawo maka da tsohon a hannu. Da tsofaffin kusoshin nan sun dawo hannuna a ranar, da shi kansa bai sami abin mayarwa ba, kuma wannan ne abin da har yanzu ke ci mini rai, yadda ya shirya abin tsaf.

Ka yi gwaje-gwajen nan, ka turo mana hoton ƙarƙashin murfin mai da lambobin kwamfireshin na silinda shida, ka kuma gaya mana ko maganaɗisun ya kama. Kafin nan kada ka yi doguwar tafiya da ita, in allura ta wuce tsakiya ka kashe nan take ko a ina kake. Ƙarfen kulle kamshaf ɗin yana nan wurina, in ka zo kan aikin ka yi mini magana ta akwati in aro maka. Allah ya ba da sa'a, ya tsare ka da iyalinka.