Me ya sa shinkafa ta yawaita a Kebbi amma ƙaramin manomi bai fita daga talauci ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a yankin Suru, kuma tun ina yaro nake cikin fadama. Ana ta cewa Kebbi ta zama gidan shinkafa, amma abin da nake gani shi ne masu hali suna ƙara gine-gine a Birnin Kebbi, mu kuwa da muke shiga taɓo, kafin damina ta kankama mun koma awo a kasuwa. Shin rabo ne kawai, ko akwai wani dalili?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Arziki na Allah ne, babu musu a kan wannan, amma Allah ya sanya wa kowane abu sababi, kuma sababin abin da kake gani a fili yake ga duk wanda ya bi buhun shinkafa tun daga masussuka har zuwa teburin mai awo.

Idonka bai yaudare ka ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar game da shekarar 2019 ya nuna cewa kashi 40 cikin 100 na 'yan Nijeriya, wato mutum kusan miliyan 83, suna rayuwa a ƙasa da naira 137,430 a shekara. A birane kashi 18 ne ke cikin wannan hali, a karkara kuwa kashi 52, ma'ana talaucin ya fi zama a inda ake noma abincin. Ita kuma shinkafar da gaske ta ƙaru. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya, wato Anchor Borrowers, a watan Nuwamban 2015, an kuma samu manyan masana'antun casa irin su Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu. Dukiya ta shigo jihar, sai dai ba ta tsaya a hannun kowa daidai ba.

A nazarina, babban abin da ya raba mai kuɗi da talaka a harkar noma shi ne ikon jira. Ka duba yadda kaka take a ƙauyenku. Ranar da aka gama sussuka, kowa ya fito da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, lokaci guda, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas, kuma a daidai wannan lokacin ne masu bin bashi suke tsaye a bakin gona. Mai taki yana jira, mai injin ban ruwa yana jira, 'yan ƙwadago suna jira, ga maganar auren 'ya da aka ɗaga zuwa kaka. Ƙaramin manomi ba shi da zaɓi, dole ya sayar a ranar da kayansa suka fi araha. Wanda ya saya kuwa ba wata wahala zai ƙara ba, zai zuba a sito ne ya kulle, ya jira watannin da rumbuna suka ƙare, sannan ya buɗe ya sayar wa wannan manomin da tiya a farashin da ya ga dama. Ribar watannin nan ita ce ginin da kake gani a birni.

Abin ya fi muni ga wanda ya ci falle, wato ya karɓi kuɗi ko taki tun shuka a kan zai biya da buhu idan an girbe. An yanke wa amfaninsa farashi tun yana tsiro, kuma an yanke shi ne a lokacin da yake cikin matsi, ba shi da bakin ciniki. Idan shekara ta yi kyau, mai kuɗin ne ya ci riba. Idan ruwa ya kwashe gonar, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yi wa fadamun Kebbi, bashin yana nan bai nutse ba, sai a kai ga jinginar da gona, bayan shekara biyu ko uku kuma mutum ya wayi gari yana ƙwadago a gonar da ya gada daga mahaifinsa. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin asarar kaka ɗaya ana iya farfaɗowa daga gare ta, amma gidan da gona ta fita daga hannunsa da wuya 'ya'yansa su dawo da ita.

Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara faɗaɗa wannan rami. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta ci gaba da hawa, noman rani kuwa da fetur yake tafiya. Mai hali ya sayi famfo mai aiki da hasken rana ya huta da sayen mai, marar hali ya rage filin da yake nomawa.

Sai kuma ilimi da lafiya, waɗanda rashinsu ne ke miƙa talaucin daga uba zuwa ɗa. Yaron da aka cire daga makaranta don korar tsuntsu a gona ba zai iya karanta takardar bashin da zai sa wa hannu idan ya girma ba, kuma rashin lafiya guda a gidan da ba shi da ajiya ta isa ta cinye buhunan shekara.

Tunda matsalar ta jira ce, maganin da ke kusa da hannunku shi ne ku sayi ikon jiran tare. Manoma ashirin da suka haɗa kai suka kama sito ɗaya, suka ajiye ko da buhu bibbiyu ne, suka naɗa amintattu masu riƙe makulli da littafin lissafi, za su iya sayarwa kai tsaye ga masu casa a lokacin da farashi ya tashi, su kuma ranta wa junansu kuɗin taki ba tare da falle ba. Na san amana ta yi ƙaranci, kuma ƙungiyoyi da yawa sun watse a kan kuɗi, shi ya sa nake nanata rubutu da shaidu tun ranar farko.

Akwai kuma haƙƙin da yake kan manyan manoma, wanda ya kamata malaman garinku su riƙa tunatarwa a lokacin kaka. Shinkafa tana cikin abin da ake fitar wa zakka idan ta kai nisabi, buhu ɗaya cikin goma a abin da ruwan sama ya shayar, buhu ɗaya cikin ashirin a abin da aka shayar da inji. Wanda ya girbe buhu dubu a noman rani, buhu hamsin daga ciki ba nasa ba ne, na matalauta ne da waɗanda bashi ya yi wa katutu, kuma shari'a ta fi son a raba shi a garin da aka noma shi.