Allurar lantarki a jijiyar gwiwa, in biya ko in haƙura?

Tambaya: Salam malam. Ina buga ƙwallo a wani ƙaramin kulob a Sifen, wata 7 kenan jijiyar ƙasan ƙoƙon gwiwata tana min ciwo, in na yi tsalle ko ina saukowa daga bene ji nake kamar ana soka min ƙusa. Fisiyo ɗinmu, wato likitan gashi da motsa jiki, ya ce a yi min EPI, allurar lantarki a jijiya, amma daga aljihuna zan biya. Dan Allah ya kake gani?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina, sannu, Allah ya sawwaƙe. Ba mamaki da aka kawo maka zancen EPI tunda can ne gidanta, wani fisiyo ɗan Basalona José Manuel Sánchez Ibáñez shi ya ɓullo da ita wajajen shekarar 2000. Siririyar allura ake sakawa ana kallon hoton sikanin har ta kai daidai inda jijiyar ta lalace, sai a saki lantarki kaɗan na ƴan daƙiƙu, lantarkin ya haɗu da ruwa da gishirin jikinka ya haifar da ɗan sinadari irin sodar nan da mata ke haɗa sabulu da ita, wurin ya ɗan ƙone ya kumbura, toh shi kumburin ake nema don jiki ya farka ya kama gyaran wurin da ya daɗe da yin watsi da shi. Akwai zafi fa, kuma kwana ɗaya ko biyu za ka ji wurin yana tsami.

Amma kafin ka ciro ko sisi, ka yi motsa jikin nan kuwa? Wanda za ka tsaya da ƙafa ɗaya a kan katako mai gangara, ka riƙa durƙusawa a hankali a hankali, kullum, har sati 12. Wallahi shi ne ginshiƙin maganin wannan ciwo, kuma yawancin binciken da aka yi kan EPI ƙanana ne kuma tare da motsa jikin aka haɗa, allurar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Abin da ke damuna da ƴan ƙwallo kenan, a yi allura yau gobe mutum ya koma fili. In ka cika wata ukun tsakani da Allah ciwo bai ja baya ba, toh ka biya, amma ka tambayi zama nawa ne da kuɗinsu gaba ɗaya, kuma in ba da sikanin za a yi ba tashi ka kama gabanka.

Tambaya: Ina da shagon tausa, na ga injin EPI ɗin a intanet, in saya?

Amsa: A'a ƴar'uwa, kar ki saya. Allura ce ke shiga jiki kusa da jijiyoyin jini, sai wanda ya karanci aikin ya iya karanta sikanin. Mai juna biyu, mai batirin zuciya, mai shan maganin tsinka jini, mai ciwon kansa ko ƙurji a wurin, duk ba a yi musu, kuma a shago ba ki da yadda za ki tantance. Wanda ya zo miki da ciwon diddige ko na gwiwar hannu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, tura shi sashen fisiyo a asibiti.