Fargabar annoba da yarda da hukuma a wajen Larabawan Isra'ila: amsoshin likita

Tambaya: Likita, me ya haɗa yarda da hukuma da fargabar annoba? Na ji ana ba da misali da Larabawan Isra'ila lokacin korona. (Wani malami daga Zariya)

Amsa: Malam, fargaba tana samun gindin zama ne idan mutum bai san abin da zai same shi ba, kuma bai ga wanda zai tsaya masa ba. Larabawa kusan kashi 21 cikin ɗari ne na mutanen ƙasar. Dokar inshorar lafiya da ta fara aiki a 1995 ta ba kowa damar shiga ɗaya daga asusun lafiya huɗu: Clalit, Maccabi, Meuhedet da Leumit. A takarda babu bambanci. Amma a farkon annobar, a 2020, sanarwar hukuma da Larabci takan zo a makare, wuraren gwaji kuma sun yi ƙaranci a garuruwansu. A watan Maris ɗin ne aka ba hukumar tsaro ta Shin Bet izinin bin sawun wayoyin masu cutar, abin da ya ƙara wa mai zargi zargi. Dubi makiyayi a ƙauyukan hamadar Naƙab da gwamnati ba ta amince da su ba: babu famfo, asibiti da nisa, ana ce masa ya wanke hannu na daƙiƙa 20. Da wane ruwa? Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Tambaya: Shin sun karɓi rigakafi kuwa? (Wata ma'aikaciyar jinya daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar'uwa, an fara allurar a Disambar 2020, kuma da farko garuruwan Larabawa sun kasance a baya. Tazarar ta ragu da likitoci Larabawa, limamai da shugabannin gari suka yi bayani da harshen mutane, aka kuma kai allurar har unguwanni. Kusan rabin masu harhaɗa magunguna na ƙasar Larabawa ne. Bakinsu ya yi tasiri. Haka Kano ta gani da rigakafin shan-inna a 2003 da 2004.

Tambaya: Tun korona, da na ji labarin wata cuta sai ƙirjina ya riƙa dukan uku-uku, barci ya gagare ni. Yaya zan yi? (Wata uwa daga Kumasi)

Amsa: Hajiya, sannu. Jiki ne ke sakin sinadarin adirenalin, zuciya ta yi sauri, numfashi ya gajarta, yatsu su yi tsami. Yakan kai maƙura cikin minti 10 sannan ya lafa. Idan ya taso, ki zauna, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga 4, ki sake shi a hankali kina ƙirga 6, na minti 5. Ki taƙaita sauraron labarai zuwa sau ɗaya a rana, ba da dare ba. Ki bar shayi mai ƙarfi da goro bayan la'asar, ki riƙa tafiyar minti 30.

Idan ya wuce mako biyu yana hana ki aiki, ki je asibiti. Akwai gwajin tambayoyi bakwai mai suna GAD-7. Maki 10 zuwa sama na buƙatar kulawa. A duba miki jini da maƙoƙo, domin ƙarancin jini da cutar maƙoƙo sukan yi kama da fargaba. Magunguna irin su sertraline sukan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin su kama, kada ki yanke su da kanki. Kada ki sayi diazepam a kemis: jiki yana sabawa da shi. Ciwon ƙirji da ke sauka hannun hagu tare da zufa kuwa, asibiti za ki nufa nan take.